Albasar Malam Ada

Ku ajiye wayoyin nan tukuna. Tun da kuka fara estaj, wato koyon aiki, a kabinen nan, ofishin nan nawa, nake kallonku. Kowa ya ɗinka rob, rigar shiga kotu, tun bai iya ɗaure dosiye, takardun shari'a, ba, kowa ya ɗauki hoto da ita a bakin kotu ya tura wa dangi. Jiya ma na ji Hadiza tana gaya wa wata a waya wai aikin avoka, wato lauya, ba wuya, magana ce kawai, wanda ya fi iya Faransanci shi ke da gaskiya. Madalla. Ni ma haka na ɗauka lokacin da nake da gashi.

Rob ɗin nan da kuke ɗoki, baƙin yadi ne mai riƙe zafi, shi ke nan. Da bazara, in wuta ta ɗauke a zauren shari'a panka ta tsaya, za ka ji gumi na bin ƙafarka har cikin takalmi, kai kuwa kana tsaye kana ce wa shugaban kotu Mushe Firzidan da Faransanci cikin ladabi. Ta farko da na sa ba tawa ba ce, ta maigidana ce, Metir Jibo, Allah ya jiƙansa, wani dogon Bazabarme da na yi estaj a hannunsa a unguwar Filato, nan Yamai. Ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba, saboda haka shekarata ta farko na yi ta share wa kotu daɓe kyauta.

Metir Jibo bai koya mini magana ba, zama ya koya mini. Aikina na farko, ya miƙo mini dosiye da safe ya ce in je kotu in nemi ranbuwa, wato a ɗage shari'ar zuwa wata rana. Na tafi ina shirya jawabi a cikin taksi. Na zauna a benci tun hantsi har aka kira azahar. Da aka iso kan shari'armu na miƙe na buɗe baki, kafin in kai ƙarshen gaisuwa shugaban kotu ya ce an ɗage, ya kira ta gaba. Na koma kabine raina a ɓace. Metir Jibo ya dube ni ya ce kala suru, wato sai haƙuri da Zabarmanci, sannan ya ƙara da Hausarsa mai karkata: "Yau ka yi aiki mai kyau. Gobe ma haka." Haka kuwa aka yi, gobe da jibi da watannin da suka biyo baya.

Kayan aikin ba su da yawa. Rob, da littafin doka wanda gefensa ya yi baƙi da yatsa, da igiyar ɗaure dosiye, da takalmi mai jure matakala. Sai gaisuwa. Girefiye, mai riƙe takardun kotu, ka san sunan 'ya'yansa, ka san wanda ba shi da lafiya a cikinsu. Ba don yana da mugunta ba, takardu ne suka yi masa yawa, kuma hannu ya fi saurin kaiwa ga dosiyen mutumin da ya gaishe shi. Waɗannan kowane avoka na da su. Amma avokan da ya fito daga ƙaramin gari yana da ƙarin kaya biyu da ba a koyarwa a jami'a, zaure da tukunya.

Ni mutumin Kwarin Gawo ne, can cikin Adar, inda kowa ke noman albasa ko dillancinta ko warinta. Ni ne ɗan garin na farko da ya zama avoka, kuma har yau ba a yi na biyu ba. A wurinmu in ɗan gari ya yi gida a Yamai, to gari ne ya yi gida. Tun da na gina nawa a unguwar Talaje ban sake sanin adadin masu kwana a cikinsa ba. Mai zuwa asibiti, da ɗalibi, da maniyyaci, da mai neman takarda a minista, wato ma'aikatar gwamnati, kowa ya sauka a tasha sai ya ce wa mai taksi gidan Metir, kamar Metir ɗaya ne a Yamai, alhali kowane avoka haka ake kiransa. Abin mamaki kuma suna isowa. Tabarmi na jingine a zaure, butoci na jere a gindin bango. Matata Hajiya Rabi ta daina tambayar mutum nawa ne, takalman ƙofa take leƙawa ta ƙara gari.

Wani mutum ya taɓa zuwa mini da maganar saniyarsa da motar albasa ta buge. Na ce ya faɗa mini abin da ya faru. Ya gyara zama, ya fara daga shekarar da kakansa ya haƙa rijiya. Na sha shayi, na yi azahar na dawo, yana kan auren babansa. Saniya ba ta shigo labarin ba sai bayan la'asar. Amma a tsakiyar auren baban ne ya ambaci cewa inda motar ta bi burtali ne tun zamanin da, ba hanyar mota ba, kuma da wannan muka ci shari'ar. Ya biya ni da zabi, Hajiya ta yi ta korarsu daga kan gado har muka cinye su. Ku da kuke katse mutum da "a taƙaice", ku sani mutanenmu ba su da taƙaice.

Siyasa kuwa ban neme ta ba, a zaure ta same ni, bayan ta ci tuwona. Dattawan gari ne suka zo suka ce tunda dai a gidana gari ke kwana, gara in zama konseye, wato wakilinsu a majalisar gari, a huta. Na je neman shawarar Metir Jibo. Ya ce: "Avoka yana ɓata wa rabin mutanen da ya gani rai. Ɗan siyasa yana buƙatar dukkansu. Ka zaɓi ɗaya." Na gode masa, na zaɓi biyun.

Daga nan bayan motata ya zama ɗakin tufafi: baƙar rob a gefe guda, farar babbar riga a ɗaya gefen. Rabin aikin siyasar ƙaramin gari gaisuwar mutuwa ce. Ka fito daga kotu a Yamai, ka yini a hanya, ka sauya riga a gindin itace kafin shiga gari, ka zauna a tabarma ka yi addu'a, ka tabbata an gan ka. Sauran rabin kuma a meri ake yinsa, ofishin magajin gari, ana gardama kan rumfunan kasuwa, da famfon da ya lalace, da wanda zai riƙe makullin rumbun albasa na gari. Na yi wa'adi guda a haka, ban ji kunya ba. Har aka fara cewa in zaɓe ya zo ni za a sa gaba, in zama magajin gari.

To, a tsakanin nan ne shari'ar garka ta shigo hannuna.

Garkar tana cikin fadamar garinmu, da rijiyarta wadda ba ta ƙafewa. Malam Ada ne ke nomanta, wani dattijo siriri mai ƙaramar murya, kuma babansa ya noma ta kafin shi. Da ita yake ciyar da gidansa, da ita ya aurar da 'ya'yansa. Ban da ita ba shi da komai sai wata gonar tudu wadda hatsinta ba ya kai shi rani. Alhaji Nomau kuwa babban dillali ne, mai loda albasa zuwa bakin teku. Shi ya ce garkar ta babansa ce, aro aka ba baban Malam Ada. Malam Ada ya ce babansa saye ya yi. Takarda babu. Iyayen biyu duk suna kushewa, ba su da nisa da juna ma. An zauna gaban sarki ba a shirya ba, aka je kotu, aka ɗaukaka ƙara, shari'a ta hau har babbar kotu, ita kuma ta karya hukuncin ta ce a sake daga farko, a nan Yamai, gaban wasu alƙalai. A wannan gaɓar Alhaji Nomau ya zo kabine ya ɗauke ni. Shi ya fara zuwa, maganarsa tana da ƙafa, na karɓa.

Ana gobe zaman farko ina tsakar gida sai na ji taksi ta tsaya. Na leƙa. Alhaji Nomau ya fito ta gaba, Malam Ada ya fito ta baya da buhu a ka. Mota ɗaya suka hau daga gari, taksi ɗaya suka shiga daga tasha, Alhaji ne ma ke riƙe masa buta. Suka yi sallama, suka shiga zaure, kowa ya jawo tabarma.

Na ja Malam Ada gefe. Na ce: "Baba Ada, ka san ni ne avokan Alhaji?"

Ya ce: "Na sani. Duk gari an sani."

Na ce: "Gobe zan tsaya gaban alƙali in ce garkar nan ba taka ba ce."

Ya ce: "To, gobe ke nan. Yau ina zan kwana?"

Na ce zan samo masa masauki mai kyau a wajen wani abokina. Ya dube ni da mamaki na gaskiya, ya ce: "Me na yi maka za ka kore ni?" Na ce to aƙalla ya ɗauki avoka, ga sunayen waɗanda na yarda da su. Ya ce garinmu avoka ɗaya gare shi, kuma Alhaji ya riga shi. Daga baya har na roƙi wani abokin aikina ya tsaya masa don Allah. Mutumin ya zo har gida. Malam Ada ya gaishe shi da kyau, ya tambaye shi iyali, sannan ya ce shi ba ya faɗa wa baƙo maganar gidansu.

Sai maganar buhu. Albasa ce, daga garkar da muke shari'a a kanta. Na ce: "Baba, ba zan iya karɓa ba. Dokar aikinmu ta hana in karɓi kyauta daga abokin shari'ar wanda nake karewa."

Ya ce: "Wa ya ce taka ce? Ta Hajiya ce."

Na shiga ciki don in yi wa Hajiya bayanin doka, na tarar ta riga ta kwance bakin buhun. Ta saurare ni har na gama, ta ce dokarmu ta tsaya a ƙofar madafa. Kuma in faɗi gaskiya, albasa ce. Ja mai duhu, mai tauri kamar dutse, wuyanta siriri a bushe, duk girmanta ɗaya kamar an auna. Ya ɗaure bakin buhun da kaba, ba da igiyar leda ba. Irin wadda za ta ƙetare damina a rataye ba ta ruɓe ba. Da ita aka yi miyar da muka ci ranar, ni da wanda nake karewa da wanda za mu ƙwace wa garka, a kwano ɗaya.

An koya muku cewa maganar avoka da mutuminsa sirri ce. To ku gwada sirri a gidan da abokin shari'a ke alwala a bakin tagarku. Sai dai in ɗauki Alhaji a mota mu gangara bakin kogi wajen otel ɗin Gaweye, in kashe inji, mu rufe gilashi, mu yi ta gumi muna shirya magana. In mun dawo Malam Ada zai ɗago kai daga carbinsa ya ce: "Kun gama shirya mini?" In ce mun gama. Ya ce: "To, abinci na hucewa."

Da safe kuma mota ɗaya ce. Alhaji a gaba, Malam Ada a baya, rob ɗina a shimfiɗe a cinyarsa don kada ta yamutse. Shi ya ɗora wa kansa wannan aikin, ban sa shi ba. In mun isa kotu ya miƙo mini ita, kowa ya nufi bencinsa, ba mai kallon ɗan'uwansa har a tashi.

Aka yi ta ranbuwa. Yau an sauya wa alƙali wurin aiki, gobe ɗaya daga dattawan da ke ba kotu shawara kan al'ada ba shi da lafiya, jibi ma'aikata na yajin aiki. Duk ɗagewa sai su koma gari tare, duk sabuwar rana su dawo tare, kuma ko sau ɗaya Malam Ada bai zo ba buhu ba. Shekaru aka yi a haka. Alhaji na da ciwon sukari, Malam Ada ne ke tuna masa magani, shi ke tashinsa asuba. Wata rana muna cin abinci, Malam Ada ya fita wanke hannu, Alhaji ya sunkuyo ya ce: "Metir, abin nan na damuna. Yaya za a ce kana ciyar da abokin shari'ata?" Na ce: "Alhaji, miyar da ke hannunka da albasarsa aka yi." Ya dubi lomar, ya kai ta baki.

Bon, ga inda aikin yake, ku saurara. In ba takarda, al'ada ce shaida. A ƙasarmu wanda aka ara wa ƙasa, in ya cire amfani, kwandon farko gidan mai ƙasa yake kaiwa kafin ya sayar da ko ɗaya. Ba haya ba ce, kwando ɗaya me zai yi wa mutum? Alama ce kawai, don a riƙa tunawa ƙasar tana da mai ita. Na je gari na yini da tsofaffin da garkunansu ke maƙwabtaka da wannan, na bar su suka fara daga kakanninsu. Biyu a cikinsu suka ce sun sha ganin baban Malam Ada ɗauke da kwando zuwa gidan baban Alhaji. Matsalar ita ce duk duniya ta san Malam Ada da rabon albasa. Liman na samu, ungozoma na samu, makahon bakin kasuwa na samu, jandarman da aka kawo jiya ma na samu. Kwando a gidan Alhaji zai iya zama alama, zai iya zama hali. Gaskiyar tana wurin matattu biyu. Ni dai aikina in nuna wa kotu gefen da aka ɗauke ni in nuna.

Ranar da aka tsayar ta ƙarshe sai ta faɗo daf da zaɓe, sunana kuma ne a saman jerin 'yan takarar jam'iyyarmu. Mutanen jam'iyya suka zo mini a guje. Suka ce dangin Malam Ada su ne Unguwar Rafi gaba ɗaya, in na kayar da shi yanzu na kayar da kaina, in nemi ranbuwa har bayan zaɓe. Kai! Ni da na tsufa a neman ranbuwa, wannan ai wasa ne. Amma shari'ar ba tawa ba ce. Avoka ba ya jinkirta maganar mutuminsa don amfanin kansa. Na faɗa wa Alhaji yadda ake ciki, ban ɓoye masa komai ba, na ce shi ke da zaɓi. Ya ce ya gaji da hanya, a gama. Na ce to.

Kun san a kotunmu avoka ba ya tambayar mutum kai tsaye. Sai ka faɗa wa shugaban kotu da Faransanci, shi ya faɗa wa tafinta, tafinta ya juya da Hausa, ko da kuwa duk zauren har shugaban kotun kowa na jin Hausa. Na miƙe na ce a tambayi Malam Ada ko yakan kai albasa gidan Alhaji Nomau duk shekara. Tambaya ta zagaya ta isa. Ya ce yana kaiwa. Na ce babansa fa? Ya ce shi ma yana kaiwa. Sai ya juyo, ya bar shugaban kotu, ya bar tafinta, ya dube ni.

Ya ce: "Metir, ai kai ma ina kai maka. Wadda ka ci jiya ma tawa ce. Garkar taka ce?"

Zaure ya ɗauki dariya. Tafinta ya juya maganar kalma bayan kalma, bai rage ko ɗaya ba, girefiye ya rubuta. Shugaban kotu ya dube ni ta saman tabarau, ya ce ko Metir na da wata tambaya. Ina da ita. Tun a bakin kogi nake da ita.

Na ce a tambaye shi kwandon farko gidan wa yake kaiwa.

Da ya ce gidan liman, da sai mu koma kan tsofaffi biyu masu mantuwa, kuma ban san inda za mu ƙare ba. Bai ko yi jinkiri ba. Ya ce: "Gidan Alhaji."

Shugaban kotu da kansa ya ce don me. Ya ce haka ya tarar babansa na yi. Aka ce bai taɓa tambayar baban dalili ba? Ya ce: "Ana tambayar uba dalili?"

Dattawan al'ada biyu suka dubi juna. Na zauna. Daga baya na miƙe na yi dogon jawabi da Faransanci mai kyau, irin wanda Hadiza ke so, amma shari'ar ta riga ta ƙare tun kan kwando. Ban ji daɗi ba. Na faɗa muku sau ɗaya, kada wani ya sake tambayata.

Hukunci ya ba Alhaji garka, aka ce Malam Ada ya cire abin da ya shuka ya fita. Muka koma gida a mota ɗaya, rob ɗina a cinyarsa. Alhaji bai ci abincin kirki ba ranar. Malam Ada ya ci sosai, ya yi wa Hajiya godiya, ya tuna wa Alhaji magani. Kafin su tafi na ja Alhaji gefe na ce tunda kotu ta tabbatar masa, ya bar dattijon ya ci gaba da noma a matsayin aro, kwandonsa na zuwa kamar da. Ya ce ya riga ya sayi injin ban ruwa, ɗansa zai shiga. Garkarsa ce. Aikin avoka yana ƙarewa inda hukunci ya ƙare.

Sai kamfe, yaƙin neman zaɓe. Na sa farar riga na shiga Unguwar Rafi, ba wanda ya zage ni, ba wanda ya jefe ni. Tabarma ce kawai ba a shimfiɗa ba. Na yi jawabina a tsaye, ga yara da awaki. Ranar zaɓe ina bakin makarantar da ake jefa ƙuri'a sai ga Malam Ada ya fito, ya ɗaga mini yatsansa mai tawada ya ce: "Na jefa maka." Na ce: "Baba, don me?" Ya ce: "Na ci tuwonka." Ya wuce abinsa. Alhaji Nomau kuwa a tsakiyar kasuwa ya faɗa, kowa na ji, cewa shi wancan ɓangaren ya jefa wa, don mutumin da ke kwantar da abokin shari'arka a gidansa ba a ba shi riƙon gari. Muka faɗi. Ko kujerar konseyen ban tsira da ita ba.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Dangin Malam Ada suka daina kawo mini ƙara don na cuci dattijo, mutanen Alhaji suka daina don ba a san gefen da nake ba. Masu zuwa asibiti ma suka gano ashe akwai wani ɗan gari mai gida a wata unguwa. Na koma yi wa kamfanonin inshora aikin takarda, irin wanda ba a sa masa rob. Farar riga na fitar da ita daga mota. Tabarmi suka yi ta tsayuwa a jingine har gara ta fara gwada su. Hajiya ta riƙa leƙa ƙofa ba takalmi sai nawa, amma hannunta ya saba, kullum tuwo sai ya kwana.

Bayan kaka, wata rana da la'asar, na ji sallama da ƙaramar murya. Malam Ada ne, shi kaɗai, ba buhu a ka, sai wani ɗan ƙunshi a hannu. Ya ƙara ramewa. Ya ce ya zo neman aiki ne a garkunan ƙetaren gada, an ce ana ɗaukar masu ban ruwan ganyen salati, wato latas. Ya tambaya ko zauren na nan. Na ce yana nan. Ya jawo tabarmarsa ta da, ya kakkaɓe, ya dubi inda Alhaji ke kwanciya ya ce ko ina da labarin yana shan maganinsa. Na ce ban sani ba. Sai ya miƙo ƙunshin ya ce: "Na Hajiya."

Na kai mata. Jim kaɗan ta kira ni madafa. Ta zazzage albasar a faifai. Igiyar leda ce a bakin ƙunshin. Wata babba, wata ƙarama, wata fara-fara, ɗaya ma ta fara laushi a wuya.

Ta ce a hankali: "Ta kasuwa ce. A tasha ya saya."

Na ce na gani.

Ta ce: "Me zan yi da ita?"

Na ce: "Ki dafa."

Bayan magariba aka kawo tuwo zaure, muka zauna mu biyu a kwanon da ya saba ɗaukar uku. Ya yi loma biyu, sannan ya ɗaga murya yadda za ta ji daga bayan labule, kamar yadda yake yi duk zuwa.

Ya ce: "Hajiya, yaya albasar bana?"

Na ji ta matso bayan labulen. Sannan ta ce: "Ta fi ta bara, Baba."

Ya gyaɗa kai ya ce ruwa ne ya yi kyau bana. Ya turo mini kwanon gabana, na sa hannu na ci.